Yadda Yaya Tazu Ta Mayar Da Mu Nagise

Yaya Tazu ta haura shekara sittin kafin ta taɓa riƙe sitiyarin jirgin ruwa, alhali a tsibirin Nagise aka haife mu, kuma mahaifinmu masunci ne. Ni ne ƙaninta, Masaji, ni kaɗai ne namiji a gidan, don haka ni Baba ya so ya koya wa jirgi. Sai dai da zarar jirgi ya bar gaɓa cikina yake fara juyawa. Ita kuwa Yaya, wadda take nutsewa ƙarƙashin duwatsu ta daɗe har Inna ta fara kiran sunanta, Baba bai taɓa barinta ta sa ƙafa a jirginsa ba. A Nagise ta wancan zamani an yarda cewa in mace ta hau jirgin kamun kifi, kifi zai ƙaurace masa.

Aikinta shi ne ta tsaya a matsayar jirage ta cafe igiya in mun dawo. Za ta ɗaure jirgin, ta leƙo ta gan ni kwance cikin raga na yi laushi kamar tsumma, ta ce, "Sannu da aiki, babban masunci. Me ka kamo mana yau, ban da abin da ka zubar?"

Da ta girma aka yi mata aure zuwa birnin Kure. Mijinta Noboru mai walda ne a wurin ƙera jirage, mutum mai shiru-shiru. Ita kuma ta kama aiki a kamfanin kifin gwangwani, tana tsaye daga safe zuwa yamma tana yanke kan kifi, har yatsunta suka lanƙwashe. Ta haifi 'ya'ya biyu, suka girma suka tafi Osaka. Ni ma na biyo ta Kure na zama direban bas, don titi ba ya rawa a ƙarƙashin mutum.

Duk bazara, lokacin Obon, bikin tunawa da matattu, mukan koma gida mu share kaburburan iyaye. A da jirgin fasinja cika yake har mutane su zauna a kan matakala, kowa da kankana a cinya. Sannu a hankali Nagise ta fara zubewa. Aka rufe makaranta, gonakin lemun da ke gefen tudu suka koma daji. Kamfanin jirgin ya rage zuwa, sannan ya daina gaba ɗaya. Tsofaffin da suka rage suka watse cikin tsibiran maƙwabta, wasu wurin 'ya'yansu, wasu a gidan kula da tsofaffi.

Wata bazara muka yi hayar jirgin wani mutum. Ya kai mu, amma tun ba mu gama cire ciyawar kabarin Inna ba ya fara danna oda. Kuma tun farko ya ƙi ya biya ta tsibirin Sasa ya ɗauki Goggo Fude, ƙanwar Baba, wai ba ya ɗaukar wanda ba ya iya hawa jirgi da ƙafarsa. A hanyar dawowa na ga Yaya ta zauna a bayansa, ta zuba wa hannuwansa ido har muka iso.

Da sanyin wannan shekarar Noboru ya rasu. Bayan an gama zaman makoki na je gaishe ta, na same ta a kicin da wani littafi mai hotunan tutoci da fitilu, tabarau a kan hanci.

"Me kike karantawa, Yaya?"

"Lasin zan yi. Na tuƙin jirgi."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa take. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, dariyar ta tsaya.

"Yaya, shekarunki fa."

"Na san shekaruna, ina nan aka haife ka. Goggo tana can tana tambaya ko an share kabarin mijinta, ni kuma ina yi mata ƙarya. Na gaji da yi wa tsohuwa ƙarya."

"To a sake nemo wani mai jirgin mana."

"Ya sake danna mana oda a kan kabari? Sha shayinka."

Ajin da ta shiga duk samari ne masu son fita kamun kifi ranar hutu. Malamin yana ce mata Kaka. Jarrabawar rubutu ta faɗi da farko, don lokaci ya ƙare ba ta kai ƙarshen takarda ba. Da ta ci wannan, sai ta faɗi ta tuƙi: ta taho da jirgin makaranta ta daki matsaya har hular malamin ta faɗa ruwa. Ta dawo gida ta jiƙa ƙafafunta cikin ruwan zafi, washegari ta koma ta sake rubuta sunanta. Ranar da ta ci ba ta bugo mini waya ba. A tashar bas ta tsare ni, ta miƙo katin ta taga, fasinjoji suna kallo.

Ta sayar da motar Noboru ta sayi wani tsohon jirgi a wurin masuncin da gwiwa ta hana fita. Jirgin ƙarami ne, fari, yana da rumfar tampol a baya, ƙarnin kifi ya shiga katakonsa. An rubuta masa Yoshie Maru, sunan matar mai shi na da. Na ce ta canza. Ta ce matar ba ta yi mata laifin komai ba. Tun daga fitowar furanni har zafi ya shigo, kullum da safe tana fita ita kaɗai zuwa bakin tashar jiragen ruwa ta dawo, tana koyon shiga da baya, tana koyon ɗaure shi ba mai cafe mata igiya.

Da Agusta ta kama ta ce in shirya. Na ce ai ta san halin cikina. Ta ce ta sani, ta sayo magani da bokiti.

Muka bar Kure da sassafe, teku a kwance kamar an shafa mata mai. A cikin jirgin akwai lauje biyu, tsintsiya, jarkokin ruwa, furanni cikin bokiti, turaren tsinke, dunƙulen shinkafa da Yaya ta yi da asuba, da kankana naɗe cikin jiƙaƙƙen tawul. Ta ɗaure kanta da farin ƙyalle, ta ɗora hular kaba, ta tsaya a bayan sitiyari a kan wani akwatin lemu, don gajeriya ce, in ba haka ba ba ta hango gaba. Muka bi ta tsakanin tsibirai, muna barin wani a dama wani ya taso a hagu. Inda muka matsa kusa da gaɓa, kukan ƙwarin bazara daga bishiyoyi yakan rufe ƙarar injin.

A Sasa ma'aikatan gidan tsofaffi sun riga sun turo Goggo Fude a keke zuwa matsaya. Ta kusa casa'in, ta ƙanƙance, amma ta sa rigarta mai ruwan toka ta zuwa buki. Na ɗauke ta cak na zaunar da ita a inuwar rumfa.

"Wa ke tuƙin?" in ji ta.

"Ni ce, Goggo. Tazu."

Goggo ta dube ta daga hula har akwatin lemu. "To. Ki tafi a hankali, na ci abinci."

Daga nan muka nufi Kurome, inda Kawu Rikizo yake zaune wurin 'yarsa. Ƙanin Inna ne, ya yi shekaru yana su tare da Baba. Muka same shi a matsaya da sanda da jakar leda. Yaya ta shigo da jirgin a hankali, ta ɗan goga tayar da ke rataye a jikin matsaya. Kawu ya kalli tayar, ya kalle ta.

"Aka ce mini an samu jirgi. Ba a ce mini ke ce matuƙiyar ba."

"Ina kwana, Kawu."

"Ni tunda nake ban taɓa hawa jirgin da mace ke tuƙi ba."

"To yau ka fara. In kuma ka fi son iyo, ba nisa, ka san hanya."

"Masaji, kai kana me? Ƙato da kai kana rungume da bokiti, yayarka na tuƙi?"

Kafin in ba shi amsa Goggo ta leƙo daga rumfa. "Rikizo, ko ka hau ko ka matsa. Rana tana dukana."

Ya hau yana gunaguni, wai don kada a hallaka tsohuwa ba shaida. Ya zauna a gaba ya juya mana ƙeya. Amma ba a jima ba ya fara ɗaga sanda yana nuna hagu ko dama ba tare da ya waiwayo ba, Yaya kuma tana bin sandar.

Tsakanin Kurome da Nagise akwai wata matsatsiyar hanya da ruwa ke gudu kamar kogi in teku ta fara janyewa, kuma bakinta na kudu yana buɗewa ne cikin hanyar manyan jiragen kaya. Mun kai tsakiyarta sai jirgin ya yi wata irin girgiza, injin ya yi tari ya mutu. Yaya ta tayar, ya tashi, tana sa giya ya sake mutuwa. Ta leƙa baya. Wata tsohuwar igiyar masunta mai kauri ce ta naɗe farfela, jelarta tana yawo a ruwa.

Kawu ya jefa anga. Wurin da zurfi, ba ta kama komai ba. Ruwa ya ci gaba da jan mu, tudun Kurome yana wucewa a hankali. Can nesa wani jirgin kaya baƙi yana tahowa.

"A buga waya a zo a ja mu," na ce.

"Buga," in ji Yaya. "Kafin su iso muna can ƙarƙashin wancan."

Tana maganar tana cire takalmi. Ta cire hula, ta ɗauko lauje ɗaya daga cikin na share kabari, ta zare makullin injin ta miƙa wa Goggo ta ce ta riƙe. Ta ɗaura igiya a ƙugunta ta danƙa mini ɗaya bakin.

"Yaya, ba za ki shiga ba. Ni zan shiga."

"Kai da ka amayar da duk ƙarfinka? Riƙe nan. In na ja sau biyu ka jawo. In ban ja ba kar ka dame ni."

Kawu bai hana ta ba. Ya kwance dogon filafilin da ke ɗaure a gefen jirgin, ya ɗora a baya ya fara murzawa da dukan ƙarfinsa don kan jirgin ya fuskanci gudun ruwan. Mutumin da ya hau da sanda, sai ga shi tsaye ƙafafu a ware. Ya ce mata kawai, "Ki yanka daga wajen ƙarfen farfela, kar ki ja."

Ta zame cikin ruwa, ta ja numfashi, ta ɓace. Ina jin igiyar tana motsi a tafin hannuna, ina jin ƙarar lauje a jikin ƙarfe ta cikin katakon da nake durƙushe a kai. Ta taso tana haki da guntun igiya a hannu, ta wurga cikin jirgi, ta koma. Ta taso, ta koma. A wani tasowa na ga jini yana bin hannunta, ƙananan halittun ruwa masu kaifin ɓawo da ke manne a gindin jirgi sun yanke ta. Leɓunanta sun canza launi. Na ce ya isa. Ko kallona ba ta yi ba, ta rataye a gefen jirgin ta yi numfashi kamar ƙirjinta zai tsage, ta sake nutsewa. Wannan karon ta daɗe har na fara jawo igiyar ba ta ba ni izini ba. Ta taso da sauran dunƙulen gaba ɗaya a kafaɗa.

Ni da Kawu muka jawo ta ciki. Ta kwanta a kan katako na ɗan lokaci idonta a rufe. Sannan ta miƙa hannu, Goggo ta sa mata makulli. Ta hau akwatin lemu ruwa yana ɗiga daga wandonta, ta tayar da injin, ta sa giya. Jirgin ya tafi. Jirgin kayan ya wuce ta bayanmu da tazara, igiyar ruwansa ta zo ta ɗaga mu ta sauke, kankana ta gangara har ƙafar Kawu.

"Na ce kar ka ja," in ji ta.

"Kin daɗe."

"Saura kaɗan ne."

A lokacin ruwa ya riga ya yi ƙarfin da ƙaramin injinmu ba zai iya ƙetare shi zuwa Nagise ba. Kawu ya nuna wani lungu a bayan wani ɗan tsibiri da ba kowa, muka shiga muka jefa anga mu jira ruwa ya lafa. Na yaga tawul na ɗaure mata hannu. Muka ci dunƙulen shinkafa, muka sha shayi mai sanyi, Kawu ya fasa kankana da gefen hannu. Yaya tana rawar sanyi cikin wannan zafin, ta kasa riƙe kofi da hannu ɗaya.

Na ce, "Yaya, in ruwa ya lafa mu juya. A kai ki a ɗinke hannun. Nagise ba za ta gudu ba, baɗi ma rana ce."

Ba ita ta amsa ba, Goggo ce. Tana tsotsar kankana ta ce, "Kai ne kake da baɗi."

Yaya ta ajiye kofin. "Ga tudun can ina gani. Ba zan juya ina ganinsa ba."

Rana ta karkata kafin mu iso. Matsayar Nagise ta tsage, matakalarta ta rufta. Yaya ta zagaya zuwa ɗan yashin da ke ƙasan tsohuwar makaranta, ta shigar da kan jirgin a hankali har ya taɓa ƙasa. Na sauka ruwa iya gwiwa, na goya Goggo. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Hanyar da ke hawa zuwa maƙabarta ta toshe da gora da kurangar daji, Yaya ta shiga gaba da lauje a hannun da ba ciwo tana sara, Kawu a baya da jarka yana zagin duk wanda ya bar garin, har da kansa. Goggo kuma a bayana tana kiran sunan kowane gida da muka wuce, tana faɗin wanda ya zauna ciki da abin da ya kashe shi.

Aladen daji sun yi ɓarna a maƙabarta. Sun tone gefen hanya, sun ture kaskon furanni, dutsen kabarin mijin Goggo ya kwanta a kan fuskarsa. Ni da Kawu muka sa gora muka tayar da shi. Na zaunar da Goggo a gabansa, ta fitar da ƙyalle daga ƙirjinta ta fara goge ƙasar da ta cika rubutun, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar yana ɗaki na kusa. Muka bar ta.

Muka cire ciyawar kabarin Baba da Inna, Yaya ta zuba wa dutsen ruwa, ta gyara furanni, ta kunna turare, ta haɗa hannuwa. Kawu ne ya tsuguna a gefenta da ƙyar, ya bubbuga dutsen da yatsa.

"Suruki, mun zo. Tazu ce ta tuƙo mu. Tana matsa wa injin da yawa, kuma ba ta iya shiga matsaya ba tukuna. Amma mun zo."

Bayan namu, Yaya ta ce mu share na maƙwabta ma, waɗanda ba wanda ya zo musu. Mun yi iya abin da rana ta bar mu. Muka juyo kafin duhu, ruwa yana tura mu ta baya, tsibirai sun yi shuɗi. Goggo ta yi barci kanta a kafaɗata. A Kure likita ya ɗinke hannun Yaya yana yi mata faɗa, tana ce masa to.

Labari ya bi tsibirai. Da bazara ta gaba ta matso, wayarta ba ta huta ba. Mutanen Nagise da suka yi shekaru ba su ga gida ba suka fara tambaya ko akwai wuri. Sai ta mayar da tafiyar ta kwanaki, yau ta kwashi na Sasa, gobe na Kurome, jibi waɗanda suka zo daga birni da jikoki. Goggo Fude ba ta kai wannan bazarar ba, ta rasu da sanyi. Da aka ƙone gawarta bisa al'adarmu, Yaya ce ta kai tokarta Nagise cikin tulu, ta ɗaure tulun a inuwar rumfa, ta tuƙa a hankali. Kawu Rikizo ya tara wasu tsofaffi suka gyara matakalar matsaya da siminti, shi yana zaune a kan bokiti yana ba da umarni. Har ya rasu bai daina kushe tuƙinta ba, kuma bai taɓa fashin tafiya ba.

'Ya'yanta ba su so abin ba. Babban ɗanta ya taso daga Osaka musamman don ya sa ta sayar da jirgin. Ya same ta an ɗora Yoshie Maru a kan tudu tana kankare gindinsa. Ya yi mata bayani mai tsawo, tana saurare, da ya gama ta miƙa masa ƙarfen kankara ta ce tunda yana tsaye ya kama ɗaya gefen. Ya koma Osaka da fenti a takalmi.

Bara yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma ba a sabunta lasin sai an gwada gani. Na ɗauka nan ne ƙarshen abin, har na fara shirya maganganun lallashi. Ashe ta riga ta je asibiti ta sa an yi mata aiki, ido ɗaya bayan ɗaya, tun da sanyi, don ta warke kafin zafi. Ta ci gwajin. Ta ce yanzu ne ma ta gane tsibiran kore ne, ta daɗe tana ganinsu ruwan ƙasa.

Makon jiya ta bugo mini. Ta ce akwai kaburbura a can saman tudu, na mutanen da danginsu suka ƙare kaf, bishiyoyi sun rufe hanyarsu, kuma ta aro zarto mai inji.

"Yaya, wa zai riƙe zarton?"

"Kai. Na gwada, ya fi ƙarfina. Ranar Asabar, ka zo da doguwar riga, akwai sauro."